Ranar da Lahiya Lau Ya Ce Ba Lahiya

Ranar wata Talata da hantsi Malam Chaibou ya shiga kwamin wanka, wato babban bahon nan na bayi, bai fito ba sai bayan azahar, kuma ba da ƙafarsa ya fito ba. Shiga dai ya shiga lafiya. Da ya zo tashi sai gwiwa ta ce ba da ita ba, kafaɗar dama ta ce ai ita ta aje aiki tuntuni. Ruwa ya huce, ya tsiyayar da shi, ya zauna tsirara cikin farin kwami kamar kazar da aka fige aka manta. Ihu? Allah ya kiyaye. Dattijo mai shekara saba'in da tara ya yi ihu a bene mai hawa takwas a Stains, can gefen birnin Paris, inda ko tari ka yi sai na sama ya ce maka sannu? Sai ya ɗauki buta yana ƙwanƙwasa bututun ruwa a hankali, ƙwas, ƙwas, kamar mai sallama a gidan surukai.

Hajiya Rékia, maƙwabciyarsa ta ƙofa da ƙofa, ita ta ji. Tana da makullinsa, amma ya saka sarƙa ta ciki. Ta kira 'yan kwana-kwana. Su uku suka zo suka ɓalle sarƙar, kuma don Allah ya nufa labarin ya yi daɗi, ta ukun mace ce. Malam Chaibou ya fizgo labulen wanka mai zanen kifaye ya yafa. A haka suka ciro shi suka ɗora a kujerar falo, ƙofa a buɗe, rabin bene ya taru a bakin matakala. Haƙoransa na kaɗawa don sanyi. Macen ta durƙusa gabansa ta ce, "Ça va, monsieur?"

"Ça va très bien," in ji shi, wato lafiya ƙalau. Ya juya wajen Rékia. "Hajiya, ɗora wa baƙi shayi."

Wanda bai san shi ba zai ce sanyi ne ya taɓa masa kai. A'a, haka yake tun asali. Ba a banza ake kiransa Lahiya Lau ba.

Mutumin Tibiri ne, kusa da Maraɗi. Ya zo Faransa yana saurayi da akwati ɗaya da takalmi ɗaya mai matse shi, ya zauna shekaru a gidan ma'aikata na Aubervilliers, su huɗu a ɗaki. Daga nan ya samu aiki a Rungis, babbar kasuwar abinci, ɓangaren nama. Shekara talatin da ɗaya yana saɓa cinyoyin shanu a kafaɗa daga mota zuwa ƙugiya, cikin sanyin da ke sa yatsa ya manta da mai shi. Likitan wurin aiki ya tambaye shi yaya bayansa, lahiya lau. Ƙugiya ta taɓa yaga masa hannu, aka ɗinke, washegari yana bakin aiki, lahiya lau. Ranar da aka binne matarsa Fatou a maƙabartar Thiais, shekara shida ke nan, masu ta'aziyya suna kuka shi yana tambayarsu ya gajiya. A wurinsa wanda ya tako ƙofarka baƙo ne, kuma baƙo ba ya ganin kukanka, ba ya ganin dattin gidanka, ba ya fita baki a bushe. Haka ya ga ubansa na yi, haka zai yi har a sa shi a rami.

Ɗiya ɗaya gare shi, Salamatou, a nan aka haife ta. Aure ya kai ta Lyon, ita da mijinta da yara uku a ɗakuna biyu, hawa na biyar, ba asansar, wato na'urar hawa bene. Aikinta kuwa, ku ji ikon Allah: a gidan tsofaffi take, kowace safiya tana wanke iyayen wasu mutum goma sha biyu, ta sa musu riga, ta ba su abinci a baki. Nata uban ko safa bai yarda ta sa masa ba. Ɗiya ta ga tsiraicin ubanta? Gara kwami.

Bayan zancen kifaye sai ta mai da jirgin ƙasa gidanta. Juma'a da yamma ta baro Lyon, awa biyu a jirgi, sannan RER, jirgin cikin gari, sannan bas. Ta dafa abincin mako ta jera a firiji, ta wanke zannuwa, ta raba magunguna a akwati mai ramuka bakwai, Lahadi ta koma, Litinin ƙarfe shida tana bakin aiki. Wata uku a haka, mace ta zama kamar sandar tsintsiya. Komawa gida Nijar kuwa ba ta taso ba: maganin sukarinsa yana nan, likitansa yana nan, Fatou tana nan.

To gwamnatin ƙasar nan tana da wani tsari. Tsoho in ya gaza, iyalinsa su cika dosiye, wato takardun neman taimako, su aika ofishin tsofaffi, sai a turo wani ya zo har gida ya duba shi, ya ba shi lamba daga ɗaya zuwa shida. Ɗaya shi ne wanda ke kwance ba ya motsi, shida shi ne mai tsalle. Daga ɗaya zuwa huɗu ana taimakawa a samo mai zuwa gida ya yi maka wanka ya sa maka kaya. Biyar da shida kuwa, wannan taimakon ba naka ba ne. Salamatou ta cika dosiye, ta haɗa takardun da aka nema, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa namiji suke so ya riƙa yi masa wanka. Aka jira, aka jira, sai ga randebu, wato ranar da za a zo duba shi, wata Laraba. Ta roƙi hutu, aka ce abokan aikinta biyu na kwance, ba mai riƙe mata.

Ta kira shi a waya. "Baba, écoute-moi bien, ka saurare ni da kyau. Matar da za su turo ba zumunci zai kawo ta ba. Abin da ka faɗa shi za ta rubuta. Ka faɗa mata gaskiya."

"Ni na taɓa ƙarya?"

"Ka ce mata ba ka iya wanka."

"To."

"Ka ce ba ka iya ɗaga hannu. Ka nuna mata ƙarfen dogarawa."

"To, na ji. Ya yaran?"

Wannan "to" ɗin, duk wanda ya san Malam Chaibou ya san ba ta da nauyin gashin kaza.

Laraba tun bayan asuba ya fara shiri. Ya sha maganin ciwo na safe ya haɗa da na rana. Ya ƙwanƙwasa wa Hajiya Rékia, ita kuma, Allah ya yafe mata, maimakon ta hana sai ta ɗaura ɗamara. "Baƙuwa ta zo ta tarar da gida kaca-kaca? A ce mi a kanmu?" Ta share, ta goge, ta turara. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu aka kai shi ɗakinta. Bokitin da yake ajewa gefen gado don ba ya kai wa bayi da sauri, aka tura bayan labule. Babbar rigar shadda ta sallah kuwa awa guda suka yi suna kokawa da ita, Rékia na ja ta baya idonta a rufe, shi yana cizon leɓe, har ta shiga.

Ƙarfe goma Madam ta iso, wata doguwa mai tabarau da baƙar jaka. Shi da kansa ya buɗe ƙofa, a tsaye, hula a karkace, ƙamshi na tashi. Ya gaishe ta, ya gaida mijinta, ya gaida 'ya'yan da bai san ko tana da su ba. Ya zuba mata shayi da hannun hagu, ya tura mata dabino.

Kana wanka da kanka? Kullum, madam. Sa kaya fa? Ya buɗe hannuwan rigarsa, ta gani da idonta. Girki? Ya nuna firiji cike da abincin Salamatou. Matar ba sakarya ba ce, ta duba takarda ta ce an rubuta mata 'yan kwana-kwana sun zo. Ya yi dariya ya ce sabulu ne, ko yaro sai ya zame. Ta ce ya taka zuwa taga ya dawo. Taku bakwai ne. Kowane taku kamar ana buga masa ƙusa a gwiwa, amma ya je ya dawo yana murmushi, har da gyara labule. Ta sake tambaya, a hankali, ko akwai abin da ke ba shi wahala, komai ƙanƙantarsa. Ya ce Alhamdu lillahi, ya ƙara mata shayi.

Tana fita ya zube a kujera. Rigar da ta shiga da mutum biyu ta ƙi fita da mutum ɗaya, kunya kuma ta hana shi sake kiran Rékia. A cikinta ya kwana, ya tashi, ya sake kwana. Juma'a Salamatou ta buɗe ƙofa ta tarar da ubanta kamar ango da aka fasa bikinsa, shadda ta yamutse, miya a ƙirji.

Da takarda ta zo, lamba biyar aka ba shi.

Salamatou ta karanta a tsaye a kicin. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da firiji, takardar a cinya, tana kallon bango.

"Baba, na gaji."

"Sannu, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

"Ba sannu nake nema ba. Shugabata ta ce in na sake makara ranar Litinin in nemi wani aiki. Ƙaramar ɗiyata ta daina tambaya ina zan je. Shekaranjiya na yi barci a tsaye da cokali a bakin wata tsohuwa. Je n'en peux plus, Baba. Ba zan iya ba."

Ya kalli silifas ɗinsa.

"Zan rubuta musu ban yarda da lambar ba. Zan haɗa da takardar likitanka da ta 'yan kwana-kwana. Za su sake zuwa sau ɗaya. In ka sake yi musu sallah, shi ke nan. Akwai ɗaki a wurin aikina ƙarshen wata mai zuwa, na sa sunanka."

"Ɗaki ya samu haka kawai?"

"Mai shi yana gab da tashi."

Ya gane irin tashin.

Don kada ya ce wasa take, Asabar ta gaba ta ɗauke shi har Lyon, a keken guragu na aro, ya ga wurin. Kada a yi wa gidan sharri: tsaf yake, ga furanni, ga masu aiki da fara'a. Amma kowace ƙofa da suna a manne kamar akwatin wasiƙa. Tagar ɗakin da za a ba shi tana kallon wurin aje motoci. Kusa da asansar wani tsoho mai tasbaha yana zaune shi kaɗai, duk wanda ya fito sai ya ɗaga kai, ya ga ba nasa ba ne, ya sauke. Malam Chaibou ya lissafa a ransa: ba tuwon Rékia, ba masallacin ƙasan bene inda ake aje masa kujera, ba mai kai shi Thiais ya gaida Fatou. Wanda zai zo masa baƙunta ma babu, balle ya ba shi shayi.

Ana cikin haka wata ma'aikaciya ta leƙo ta roƙi Salamatou hannu na minti biyu. Ta bar shi a bakin ƙofa. Daga nan ya hango ta durƙushe gaban wani tsohon Bature, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana sa masa safa, tana tsokanarsa yana dariya. Tsohon ya dafa kanta ya ce, "Merci, ma fille." Na gode, ɗiyata.

Malam Chaibou ya dubi ƙafafunsa. Cikin sanyin nan ba safa, don wata huɗu ke nan hannunsa bai kai can ba. Suka kama jirgin komawa Paris. Salamatou ta ba shi ruwa ya karɓa, ta tambaye shi ya jiki, karo na farko a rayuwarsa bai amsa ba.

Randebu na biyu ya faɗo ranar Alhamis. Wannan karon Salamatou ta musanya rana da wata ta zo ta kafa doka kamar soja. Ba shara. Ba turare. Bokiti a inda yake, ƙarfe a inda yake. Hajiya Rékia ta shigo da tsintsiya, aka karɓe.

"Ke Salamatou, ko gadon nan a gyara!"

"Inna, wancan karon kin gyara, kin ga abin da ya haifa."

"Ni mi na sani? Cewa ya yi baƙuwa."

"Shayi fa?" in ji Malam Chaibou daga kujera.

"Babu."

"Ko ruwa?"

"Ko ruwa, Baba. Kuma da kanka za ka sa riga."

Ya sa. Rabin awa ya yi, hannu ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi, maɓalli ya auri ramin da ba nasa ba. Ga zane a ƙugu, ga gemu ba taza. Rékia ta dube shi ta riƙe baki. "Malam, da labulen kifayen nan ka yafa, ya fi maka kyau."

"Hajiya, tahi gida."

Ba ta tafi ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

Madam ɗin nan ce dai, da jakarta. Salamatou ta buɗe mata. Ta shigo ta dubi bokiti, ta dubi ƙarfe, ta dubi mutumin da ta bari cikin shadda. Teburin da ke gabanta wayam. Malam Chaibou ya ji wannan teburin fiye da gwiwarsa. A ce mutum ya shigo gidan ɗan Tibiri a bar shi da bushasshen baki! Gumi ya karyo masa. Ta zauna ta buɗe takarda.

"Alors, monsieur, ça va?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, don shekara hamsin ya san hanya. "Ça..." Sai ya ga Salamatou a tsaye bayan Madam. Ba harara take ba. Hannuwanta kawai ta haɗa, sun yi fari sun tsattsage don ruwan wankan iyayen wasu.

"Ça va pas," in ji shi, murya can ƙasa. Ba lahiya.

Rékia ta ce "Innalillahi" daga bakin ƙofa, kamar an yi rasuwa.

Da aka fasa sai komai ya zubo. Madam ta ce ya ɗaga hannu, ya tsaya a ƙirji. Ta ce ya tashi, ya yunƙura sau uku ya koma, a na huɗu sai da ƙarfe. Ta tambayi wanka. Ya kalli ƙasa ya ce tun ranar 'yan kwana-kwana bai sake shiga kwami ba, tsumma yake jiƙawa ya goge inda hannu ya kai. Ruwan da Salamatou ke ji yana zuba ranar Asabar, famfo kawai yake buɗewa ya zauna a gefe don hankalinta ya kwanta. Ya ce sau biyu ya faɗi a kicin bai gaya wa kowa ba, sau ɗaya sai da ya ja jiki zuwa kujera kamar jariri. Ya ce alwala ma ƙafarsa ta fi ƙarfinsa, taimama yake yi a bango.

Salamatou ba ta san ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ta juya ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo, irin dabarar ubanta.

Madam ta yi ta rubutu, shafi ya cika ta juya. Da Salamatou ta dawo ido jajir, sai ta ce musu a abin da ta gani yau lamba uku za ta rubuta, da namiji mai zuwa kowace safiya don wanka da sa kaya, da ƙarfen kamawa a bayi. Takarda za ta biyo baya, amma su kwantar da hankali. Salamatou ta dafa bango. Malam Chaibou ya tambaya abu ɗaya kawai: a nan zai zauna? Madam ta ce tsarin ai don haka aka yi shi.

Ta rufe jaka ta tashi, sai ta tsaya ta cire tabarau.

"Monsieur, abu ɗaya ban gane ba. Wancan zuwan na tambaye ka har sau biyu. Me ya sa ka ce min lafiyarka ƙalau? Da tuni an gama."

"Faɗa mata dai, Malam," in ji Rékia. "Kunya ce ta tsufa."

Malam Chaibou ya gyara zanensa, ya miƙe wuya kamar yana cikin shadda. Faransanci ya iya, amma sai ya ce da Hausa.

"Salamatou, mai da mata, kada ki rage komi. Waccan rana ta sha shayina, baƙuwata ce, ni kuwa ba na yi wa baƙo kuka. Yau ko ruwa ba ta sha ba, gwamnati ce ta zo. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar mata shanu a kafaɗa ba ta ji na ce wash ba. To ga tsohon sa guda, ta ɗauka ta ji."